Kawu da Waƙar Mota Ba Birki

Kawu ya rasu ranar kasuwar Gazawa, saboda haka ba a aiki kowa da labarin ba. Masu komawa ƙauyuka da la'asar su suka raba shi, kowa a kan babur ɗinsa ko amalankensa. Kafin mu dawo daga maƙabarta ƙofar gida ta cika, tabarmi sun ƙare har an aro na masallaci.

Yawancin masu gaisuwar sun san shi ne a matsayin tsohon nan mai gyaran injin niƙa, wanda ba a riga shi sahun farko. Wani ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wani ya ce mutum ne da ba shi da abokin faɗa. Na sunkuyar da kai ina amsa amin, don na san ba haka Kawu yake ba. Ya ɗaga murya, ya yi faɗa, kuma ni kaina na sha nawa rabon.

Wani dattijon Bafulatani ya taso tun daga wajen Gidan Sori, sandarsa a kafaɗa. Bai san kowa a cikinmu ba. Ya ce shekaru masu yawa da suka wuce Kawu ya tsinci matarsa a bakin hanya tana naƙuda, ya sauke buhunan gyaɗa daga gaban kamiyo, babbar motar kaya da yake tuƙawa, ya kai ta likita a Maraɗi, kuma ɗan da aka haifa shi ne ya rako shi yau. Ya ce, "Alla yaafo mo," ya maimaita da Hausa, Allah ya yafe mishi, ya tashi ko ruwa bai sha ba.

Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Ya ci tuwonshi jiya, ya ci duka," kamar wannan zai sa a ce an yi kuskure.

Ana cikin haka wata tsohuwa daga Agye ta tsaya a bakin zaure, inda maza ke zaune, ta ce da ƙarfi irin na wanda kunne ya yi wa nauyi, "Ashe mai jita ya tahi! Wayyo, mai jita ya tahi!"

Samarin da ke zuba shayi suka dubi juna, ba su gane ba. Babban ɗan Kawu, wanda malamin islamiyya ne, fuskarsa ta ɗaure. Da aka yi sallar magariba ya ja ni gefe.

"Yaya, na ji an ce za ka rubuta wani abu a kan Baba."

"In Allah ya yarda."

"To ka rubuta sallarshi da hajjinshi da zumuncinshi. Wancan zamani ya wuce. Allah ya rufa mishi asiri, kada kai ka buɗe."

Na ce, "Kai ka wanke shi yau. Ka ga yatsu biyu na hannun hagu da suka ƙi miƙewa. Mi ya same su?"

"Murfin injin kamiyo ne ya faɗa musu. Haka ya gaya muna."

Na ce masa ba murfin inji ba ne. Bai tambaye ni ko mene ne ba, ya juya ya koma cikin baƙi. Ban ga laifinsa ba, yana son ubansa ne ta hanyar da ya sani. Amma mu huɗu ne muka ga abin da ya faru, uku sun kwanta dama, saura ni. In na yi shiru, murfin inji ne zai zama gaskiya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi sojan Faransa, ya dawo ana gab da samun mulkin kai da lambar yaƙi ɗaya, da akwatin ƙarfe, da jita ja mai amfani da wuta, da fayafayan garmaho da ya saya a bakin teku. Ya kama tuƙin kamiyon wani ɗan kasuwa, yana kwasar gyaɗa daga Gazawa da Agye zuwa Maraɗi. Ni a lokacin na gama karatu, an ba ni aji a lakol, makarantar boko, na zama mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu. Da wannan sunan Kawu ya kira ni har ya bar duniya, kuma bai taɓa faɗinsa ba tare da ɗan murmushin tsokana ba.

Kiɗan da ke cikin fayafayan nan ban taɓa jin irinsa ba. Kawu ya ce sunansa rok. Ganga tana tafiya kamar inji, jita tana ihu a kanta, mai waƙa kamar ana korarsa. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na kasa zama. Kawu ya dube ni ya ce, "Kiɗan na iya, Mushe. Magana ce ba ni da ita. Kai da kake cika yara da surutu, zuba mini Hausa a kan wannan."

Haka muka fara, a garejin da ke bayan gidansa. Ƙanen matarsa, wanda shi ne karen motarsa, ya haɗa ganguna da rabin gwangwanin mai da fatar akuya, ya rataye murfin tukunya a kan sanda. Ɗan baffana kafinta ne, ya sassaƙa babbar jita mai kauri ya ɗaura mata wayar birkin keke. Ampili kuwa, akwatin da ke ƙara wa jita murya, Kawu ya ƙera shi daga tsohuwar rediyon da wani Bature ya bari, yana shan wuta daga batirin kamiyo. Kawu ke rera waƙa. Ni muryata kamar ana jan ƙofar kwano ce, don haka aikina tsara baitoci, sai in riƙe caki in tsaya a baya.

Kawu ba shi da sauƙi a wurin gwaji. Sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa jita, ko da yanzu ya yi alwala. Wanda ya makara ba ya yi masa magana, sai dai ya sa mu fara ba tare da shi ba, mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana jin gurbinsa a buɗe. Kalmar da ya fi faɗi a duniya ita ce, "A sake." Ba ya cewa an yi kuskure, ba ya cewa wa ya yi. In na kawo baiti mai ado da yawa sai ya ce, "Wannan na sufeton lakol ne. Kawo wanda mai tallar fura za ta riƙe."

Inna, mahaifiyata, ta ɗauki abin da zafi. Ta same shi har gareji da rana tsaka, ta tsaya a kansa.

"Mu manoma ne, uwayenmu manoma. A zuri'armu ba a taɓa maroƙi ba. Kai ka lalace a bariki, shi ne za ka ja mini ɗa?"

Kawu ya ajiye jita ya durƙusa, don bai taɓa yi mata magana a tsaye ba. Ya ce, "Yaya, na yi miki alkawari ɗaya. Ba mu roƙon kowa, ba mu kiran sunan kowa a waƙa, ko sarki ne. Ranar da kika ji mun wasa wani, ki zo ki fasa jitar da taɓarya."

Ta ce, "Zan zo." Ta fita ba ta amsa sallamarsa ba.

Wasanmu na farko a gaban jama'a bikin aure ne a Agye, bayan la'asar. Da Kawu ya ja tsirkiyar farko, dattawa suka kwashe buzayensu suka bar wurin, wani jaki ya tsinke igiya. 'Yan mata suka tsaya can nesa suna rufe baki. Mun yi waƙa biyu ba wanda ya motsa, gumi ya jiƙa mini riga. A ta uku ƙanwar ango ta cire takalmi ta shigo fili, sai ga sauran sun biyo ta kamar an buɗe garke. Ana tsakiyar rawa batir ya mutu. Kawu ya haye kamiyo ya tayar da inji ya dawo ya ɗauki jita. Muka ƙarasa wasan cikin hayaƙi, mai ganga yana bin bugun injin. Daga ranar duk mai biki tsakanin Gazawa da Tibiri yana son a ce samarin jita sun zo.

Waƙar da ta jawo mana abin da ta jawo, a kan hanya aka haife ta. Na bi Kawu zuwa Maraɗi, mota cike da kaya da mutane a sama. A gangaren gulbi ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Na ga ya sake takawa, babu komai. Mutanen sama suka fara salati. Kawu kuwa dariya ta kama shi, irin ta wanda tsoro ya wuce masa wuya, yana sauke giya ɗaya bayan ɗaya har ya karkata motar ya cusa ta cikin rairayi. Ba wanda ya ji rauni. A wannan shekarar nake neman yarinyar da ta zama uwar 'ya'yana, kuma gidansu ba su ba ni fuska ba tukuna. Na haɗa abu biyun na rubuta:

Mota ba birki, ga gangare a gaba,
Direba na dariya, na sama na salati.
Zuciyata tsaya, na ce miki tsaya,
Ta ce wanda ya tura ta shi zai tare ta.

Baiti uku ne, duka a kan yarinyar nan. Wallahi ban nufi kowa ba sai kaina. Amma mutane suka yar da zuciyata, suka riƙe layi biyun farko. A lokacin jam'iyya ɗaya ce ke da ƙasar, an haramta ɗayar, mutanenta sun gudu ƙetare. Haraji ya yi nauyi, kuɗin gyaɗa ya faɗi. In baƙar motar manya ta ratsa kasuwa, sai ka ji wani daga cikin rumfuna yana feɗuwar waƙar, wani ya amsa daga can. Yaran ajina ma na kama su suna rera ta a layi.

Sai ga shekarar da aka ce mutanen haramtacciyar jam'iyyar suna tsallako iyaka da bindigogi. Mu a Gazawa iyaka tana bayan gonakinmu. Kowane gari aka kafa bariye, shingen tsare hanya, a bakin hanya, samari da kulake da kwari da baka suna tsare kowa. Mutum ya fita da safe, a ce an tafi da shi, kada ka tambayi ina. Maƙwabcinmu mai sayar da kananzir haka ya tafi, don an ga baƙo ya kwana a zaurensa. Mutane suka daina hira a bakin masallaci, ana sallama kowa ya kama hanyarsa.

A cikin wannan hali shugaban jam'iyya na garinmu ya aiko a kira Kawu, ni na raka shi. Ya ce babban baƙo zai zo daga birni, yana son mu yi masa waƙa da sunansa da na iyayensa.

Kawu ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, za mu zo mu yi kiɗa har baƙo ya gaji. Amma jitar nan ba ta san sunan kowa ba. Alkawari na yi wa yayata."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ba ta san suna ba. Amma ta san mota ba birki."

A hanyar gida Kawu ya ce daga yau an ajiye waƙar. Ni kuwa jinin ƙuruciya yana tafasa, na ce waƙar soyayya ce, in mun ajiye ta mun amsa laifin da ba mu yi ba, kuma ban zaci tsohon soja zai ji tsoron mai babbar riga ba. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Ka taɓa ganin an harbi mutum, Mushe?"

Na ce a'a.

"To ni na gani. Ba ya faɗuwa yadda kake zato. Rufe mini baki."

Ba mu ƙara buga ta ba. Amma ajiyewar ba ta yi mana amfani ba, don ta riga ta fita hannunmu.

Ana gab da damina aka gayyace mu biki a Gidan Rumji. Matar Kawu ta roƙe shi kada ya je, ya ce ya riga ya amsa. Mun wuce bariye da yawa lafiya, don duk sun san motar. A wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, rana tana tsaka, aka ce mu sauka. Wannan karon da jandarma biyu a wurin, kuma ba su tambayi takardun mota ba. Kai tsaye suka ce a sauke kayan kiɗa. Na gane labarinmu ya riga mu isowa.

Aka baje komai a ƙasa gaban wani buro, ofis mai ɗaki biyu. Samarin bariye suka kewaye mu. Ɗayansu ya zare wayoyi daga buhu yana ɗagawa sama kamar ya kama maciji. Shef ɗinsu ya fito, saurayi ne kusan sa'ana, wandonsa da guga. Ya taɓa ampili da ƙafa.

"Da wannan kuke magana da na ƙetare?"

Kawu ya ƙame ya sara masa irin ta soja, ya ce, "Shef, akwatin kiɗa ne. A ba ni izini in nuna."

Aka ɗauko batir. Ina kallonsa yana haɗa waya ɗaya bayan ɗaya. Ɗan baffana kuwa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Kawu ya nemi ruwa ya wanke hannu, a gaban bindiga, sannan ya rataya jita ya buga wata waƙar biki. Wani daga cikin samarin ya fara kaɗa kai, ya tuna inda yake ya daina.

Shef ya ce, "Ba wannan ba. Ta motar."

Kawu ya buga, ya rera ta tun daga farko har ƙarshe, bai rage murya ba, bai tsallake layi ba. Ba a taɓa rera ta a wuri mai shiru irin wannan ba. Har kukan kurciya ana ji a tsakanin baitoci.

"Wane ne direban?" in ji Shef.

"Ni ne, Shef. A gangaren gulbi birki ya tsinke mini."

"Wa ya tsara waƙar?"

Na matso gaba na ce, "Ni ne."

Ban ga tahowar hannun ba. Mari ne irin wanda ke sa kunne ya yi ƙara, na tsinci kaina a zaune cikin ƙasa, bakina da gishirin jini. Kawu, wanda ko tsawa bai taɓa yi mini a gaban baƙo ba, yana tsaye a kaina yana zagi.

"Maƙaryacin banza! Shef, ɗan yayata ne, suna yake nema wurin 'yan mata. Wanga ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba, ina ya san birki? Caki muke ba shi don kada ya yi kuka. Dube shi, wannan ya yi kama da mai waƙa?"

Samarin suka fashe da dariya. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu kamar zai ƙara, ya dube ni da wani ido da ban taɓa gani ba. Ba fushi ne a cikinsa ba. Ƙanen matarsa ya danne mini kafaɗa ya raɗa mini, "Don Allah ka yi shiru, kai mushe ne." Sai a nan na fahimta. Direba jahili da ya yi waƙar motarsa, mai lambar yaƙi a akwati, yana iya dawowa. Malamin lakol mai cin albashin gwamnati da ya tsara wa yara waƙar zagin gwamnati, arewa za a yi da shi, kuma waɗanda aka yi arewa da su a shekarar ba mu ga dawowarsu ba.

Shef ya dube ni, ya dubi Kawu. Har yau ina zaton bai yarda ba. Amma mutum ɗaya aka ce ya kawo, ga kuma wanda ya amsa da bakinsa. Ya ce mu uku mu ɗauki mota mu ɓace. Aka riƙe jita da ampili da Kawu. Da za a shiga da shi ya juyo ya ce wa ƙanen matarsa, "Giya ta biyu tana fita, ka riƙe ta da hannu." Ni bai ko kalle ni ba.

Ni na shiga na gaya wa Inna, kumatuna a kumbure. Tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba har na gama. Na jira ta ce ai ta faɗa. Sai ta ce, "Sun ce ya wasa wani ya ƙi?" Na ce e. Ta kakkaɓe hannu, ta ɗauki mayafi ta ce in nemo mata mota.

Inna ba ta taɓa shiga buro ba a rayuwarta. Ta je garin nan ta sauka a gidan wata 'yar uwa, kullum da safe sai ta dama fura ta je ta zauna a ƙofar kason. A kore ta, ta matsa gindin bedi, itacen dogonyaro, in an jima ta dawo. Ba ta roƙo, ba ta kuka, in an tambaye ta sai ta ce, "Ƙanena na ciki, ni na goye shi." Matar Kawu kuma ta bi gidajen tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi tare, daga Agye har Tibiri. Wata safiya suka sa tsofaffin kakinsu da lambobinsu, wani da sanda, wani da ido ɗaya, suka jera a gaban buron kumanda mai mulkin yankin suka ƙame, ba su ce uffan ba har rana ta take. Ni an hana ni zuwa ko kusa. Ina shiga aji in rubuta darasi a allo, duk motar da ta tsaya a waje sai alli ya karye a hannuna.

An yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan aka sake shi. Ya rame, an aske masa kai, hannun hagu a naɗe da tsumma. Da aka kwance, yatsu biyu na tsakiya sun karye sun haɗe a lanƙwashe. Su ne yatsun da mai jita ke danna tsirkiya da su. Bai taɓa gaya wa kowa yadda aka yi ba, ko matarsa. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Kumatun ya sauka? Na so in rage, sai na ga Shef yana kallo."

Na ɗauka kiɗa ya ƙare. Bayan kaka aka maido da jitar ba tsirkiya ko ɗaya, ampili kuwa ba mu sake ganinsa ba. Kawu ya ɗaura sababbin wayoyi, ya ƙera wani akwatin. Ya gwada dannawa, yatsun suka ƙi. Ya yi kwanaki yana zama shi kaɗai a gareji, muna jin ƙara marar daɗi muna wucewa da sauri. Rannan ya kira mu. Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa cikin wani guntun bututun ƙarfe na inji, yana zame shi a kan tsirkiya maimakon dannawa. Jitar ta yi wani kuka mai ja, kamar mace tana kiran ɗa daga nesa. Tsigar jikina ta tashi. Mai ganga ya share ido da gefen riga. Kawu ya ce, "Mi kuke kallo? A sake."

Wannan kukan shi ya zama alamarmu. Mun ƙara shekaru muna wasa, na rubuta waƙoƙi da yawa, wasu sun fi ta motar kyau nesa ba kusa ba, amma ba wadda ta kai ta tafiya. Da mulki ya canza hannu, mutanen rediyo suka zo suka ɗauke ta. Mai gabatarwa ya tambayi Kawu wa ya tsara, ina tsaye a gefensa, ba bindiga ba jandarma. Ya ce, "Ni ne."

A nan muka yi faɗan da ya fi kowanne. Na same shi a gareji na ce tsoro ya wuce, lokaci ya yi da zai maido mini da abuna. Ya ci gaba da goge fulogi.

"Na ce tawa ce a gaban bindiga, sai in ce ba tawa ba ce a gaban makirfo? In zama maƙaryaci a bakin duniya?"

"Amma Kawu, ai ƙaryar ce."

"Kai ka rubuta ta, ni na kwana da ita. Je ka tambayi wanda ka ga dama wa ya fi kusa da ita."

Na fita na bar gidansa kusan shekara. Ko da salla ban je ba, na aika yara. Mutane suna ganin rashin kunyata, kuma ba zan iya yi musu bayani ba. Ina sane da abin da ya yi mini, kullum ina sane, amma mai tsara waƙa ba shi da gona sai waƙarsa. Abin da ya kawo ƙarshen gabar, matata ta kwanta ciwo mai tsanani ina wurin aiki a wani gari. Kafin saƙo ya iso ni, Kawu ya riga ya kai ta likita, ya ba da jininsa, yana zaune a baranda da ɗana na goye a cinya. Da na iso ya miƙo mini yaron ya ce, "Ya yi mini fitsari sau biyu, Mushe. Halinku ɗaya." Ba mu sake tayar da maganar waƙar ba, shi bai bayar ba, ni ban yafe ba, muka ci gaba da zumunci a haka.

Ƙungiyar ta watse a hankali. Mai ganga ya koma Kano da tuƙi, can ajali ya same shi, ɗan baffana ma ya rasu. Kawu ya sauke farali, ya dawo ya ba wani yaron Maraɗi jitar, ya buɗe wurin gyaran injin niƙa. In an ce masa Alhaji ya tuba, sai ya ce, "Na tuba daga abubuwa da yawa. Wannan gajiya na yi."

Ganina da shi na ƙarshe, da hantsi ne, yana kwance a kan tabarma a inuwar zaure, numfashi yana yi masa wuya. Wata jikarsa 'yar lakol ta shigo da wayar salula a hannu. Wasu samarin birni sun sake buga waƙar motar da kayan zamani, tana yawo a wayoyi, an ce mata ta gidansu ce.

"Kaka, wai da gaske kai ka yi wannan?"

Ya saurara har ta ƙare, idonsa a rufe. Ya ce mai gangar yana sauri. Sannan ya buɗe ido ya dube ni, yana jira. Yarinyar ma ta juyo tana kallona. Na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka.

Na ce, "Kakanki ne ya yi ta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya kamo hannun yarinyar ya ce, "Kada ki yarda da shi duka. Baitin farko da na ƙarshe nawa ne. Na tsakiyan nan, marar daɗin, shi ne na Mushe."

Abin da na samu ke nan bayan shekaru masu yawa, baiti ɗaya, kuma marar daɗin. Na karɓa da hannu biyu.

Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san abin da ya ɗauka a kansa wanda ba nasa ba. Ka sauke masa nasa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da yayarsa a inda ba a tsare kowa a hanya. Amin.